Gasar Cin Kofin FA ta Ingila, Kakar 2020–21

Gasar cin Kofin FA ta kakar 2020–21 ita ce karo na 140 da aka buga gasar sili ɗaya ƙwale ta Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila, wadda ta fi kowace gasar ƙwallon ƙafa daɗewa a duniya. An fara ta ne tun a kakar 1871–72, kuma yaƙe-yaƙen duniya guda biyu ne kawai suka taɓa dakatar da ita. Kamfanin jiragen sama na Emirates ne ya ɗauki nauyin gasar a wannan kakar. Ƙungiyoyi fiye da 700 ne suka shiga, tun daga manyan ƙungiyoyin Firimiya har zuwa ƙananan ƙungiyoyin garuruwa da 'yan wasansu ke haɗa ƙwallo da wasu sana'o'i.

Leicester City ce ta lashe kofin, bayan ta doke Chelsea da ci 1–0 a filin wasa na Wembley da ke Landan ranar 15 ga Mayu, 2021. Youri Tielemans ɗan ƙasar Beljiyam ne ya ci ƙwallon. Wannan ne karo na farko da Leicester ta ɗauki kofin, bayan ta kai wasan ƙarshe sau huɗu a baya tana shan kashi. Arsenal, wadda take riƙe da kofin, an fitar da ita tun a zagaye na huɗu. An buga kusan dukkan manyan wasannin kakar ba tare da 'yan kallo ba saboda annobar korona.

Tsarin gasar

Gasar tana da zagaye 14. Shida na farko na share fage ne, inda ƙananan ƙungiyoyin da ba sa cikin matakai huɗu na sama suke karawa a tsakaninsu. A ƙa'idar gasar, ƙungiyoyi 32 da suka tsallake share fagen suna haɗuwa da ƙungiyoyi 48 na mataki na uku da na huɗu a zagaye na farko. Ƙungiyoyi 20 na Firimiya da 24 na gasar Championship ba sa shigowa sai a zagaye na uku, inda suke iske 20 da suka rage, jimilla 64. Daga nan ana raguwa da rabi a kowane zagaye har zuwa wasan ƙarshe.

Ƙuri'a ce ke haɗa ƙungiyoyi, ba a ware manya daga ƙanana. Wadda aka fara zaro sunanta ita ce mai masaukin baƙi, ban da wasannin kusa da na ƙarshe da wasan ƙarshe da ake bugawa a Wembley. Wannan tsari ne ke sa babbar ƙungiya ta tsinci kanta a ƙaramin fili, kuma daga nan ne ƙananan ƙungiyoyi kan samu kuɗin talabijin da na tikiti da ke riƙe su shekara guda ko fiye.

Tasirin annobar korona

Kakar da ta gabata ta ƙare a makare, domin sai ranar 1 ga Agusta, 2020 aka buga wasan ƙarshe na Kofin FA, inda Arsenal ta doke Chelsea da ci 2–1. Gasar Firimiya ba ta dawo ba sai 12 ga Satumba, ga kuma gasar ƙasashen Turai da aka ɗage zuwa Yunin 2021. Lokaci ya ƙure, don haka hukumar ta yi sauye-sauye.

Na farko, an soke sake wasa. A al'adar gasar, idan aka tashi kunnen doki a zagayen farko-farko, ana sake karawa a gidan ɗaya ƙungiyar. A wannan kakar kuwa dole a samu wanda ya yi nasara a ranar, ta hanyar ƙarin lokaci ko bugun fenareti. Na biyu, an rage kuɗin lada da rabi: wadda ta ɗauki kofin ta samu fam miliyan 1.8 maimakon miliyan 3.6 na kakar baya, ta biyu kuma fam 900,000. Na uku, an bai wa ƙungiyoyi damar canza 'yan wasa biyar a manyan zagayen, alhali uku kawai aka amince da su a Firimiya a lokacin.

Zagaye na farko ya faɗo ne a watan Nuwamba, cikin dokar kulle ta biyu a Ingila, zagaye na uku da na huɗu kuma cikin dokar kulle ta uku a watan Janairu. Rashin 'yan kallo ya fi cutar da ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda kuɗin ƙofa ne babbar hanyar samunsu. Na'urar VAR mai taimaka wa alƙalin wasa kuwa an yi amfani da ita ne kawai a filayen ƙungiyoyin Firimiya da Wembley.

Zagaye na farko da na biyu

Ƙungiyoyi biyu ne suka fi jan hankali a wannan mataki. Chorley, wadda take mataki na shida, ta doke maƙwabciyarta Wigan Athletic da ci 3–2 a ƙarin lokaci bayan an fara cin ta biyu. Wigan ita ce ta ɗauki wannan kofin a 2013. A zagaye na biyu Chorley ta je gidan Peterborough United ta yi nasara da ci 2–1. Ita kuwa Marine, ƙungiyar mataki na takwas daga garin Crosby da ke kusa da Liverpool, ta fitar da Colchester United a bugun fenareti, sannan ta doke Havant & Waterlooville da ci 1–0 a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci.

Ƙungiyoyi huɗu daga wajen matakai huɗu na sama ne suka kai zagaye na uku: Marine, Chorley, Boreham Wood da Stockport County.

Zagaye na uku

An buga mafi yawan wasannin tsakanin 8 zuwa 11 ga Janairu, 2021, lokacin da cutar ke ƙara yaɗuwa. Aston Villa ta rufe filin atisayenta bayan cutar ta kama 'yan wasa da ma'aikata, sai ta fito da matasan makarantarta don karawa da Liverpool. Louie Barry mai shekara 17 ya farke ƙwallon da Sadio Mané ya ci, aka tafi hutun rabin lokaci 1–1, kafin Liverpool ta yi nasara da ci 4–1. Derby County ma da matasa ta je gidan Chorley, aka doke ta da ci 2–0. Wasan Southampton da Shrewsbury Town kuwa ɗage shi aka yi zuwa 19 ga Janairu, Southampton ta ci 2–0.

Marine ta karɓi baƙuncin Tottenham Hotspur ta José Mourinho a ƙaramin filinta na Rossett Park, wanda gidajen jama'a suka kewaye, har wasu mazauna unguwar suka kalli wasan daga bayan gidajensu. Ba a taɓa samun tazarar matsayi mai yawa haka tsakanin ƙungiyoyi biyu a tarihin gasar ba. Tottenham ta ci 5–0, Carlos Vinícius ya zura uku, kuma Alfie Devine mai shekara 16 ya ci ta biyar. Saboda an hana 'yan kallo shiga, Marine ta sayar da tikitin tallafi ta intanet a kan fam 10 kowanne, aka sayi fiye da 30,000, da yawa daga magoya bayan Tottenham. Kuɗin ya cike giɓin da ƙungiyar ta yi hasarar sa.

Babban abin mamaki a zagayen shi ne yadda Crawley Town ta mataki na huɗu ta lallasa Leeds United ta Firimiya da ci 3–0. Blackpool ta fitar da West Bromwich Albion a bugun fenareti bayan an tashi 2–2. Arsenal sai da ta kai ƙarin lokaci kafin ta doke Newcastle United da ci 2–0. Leicester ta je gidan Stoke City ta ci 4–0, Chelsea ma ta doke Morecambe da ci 4–0.

Zagaye na huɗu

An haɗa ƙuri'ar zagaye na huɗu da na biyar a rana ɗaya, 11 ga Janairu, don sauƙaƙa tsara jadawali. Ranar 23 ga Janairu Southampton ta fitar da Arsenal da ci 1–0, bayan mai tsaron baya Gabriel ya ci gida. A ranar ce kuma Cheltenham Town ta mataki na huɗu ta sha gaban Manchester City ta ƙafar Alfie May, ta riƙe nasarar har minti na 80, kafin Phil Foden, Gabriel Jesus da Ferran Torres su juya wasan zuwa 3–1.

Washegari Manchester United ta doke Liverpool da ci 3–2 a Old Trafford. Mohamed Salah na Masar ya ci wa Liverpool duka biyun, Mason Greenwood da Marcus Rashford suka ci wa United, sannan Bruno Fernandes ya raba gardama da bugun tazara. Tafiyar Chorley ta ƙare a hannun Wolverhampton Wanderers da ci 1–0.

Leicester ta je hutun rabin lokaci Brentford na gabanta da ci ɗaya, amma Cengiz Ünder, Tielemans da James Maddison suka ci uku bayan an dawo. Chelsea ta doke Luton Town da ci 3–1, Tammy Abraham ya ci duka ukun. Wannan ne wasan ƙarshe na Frank Lampard a matsayin kocin Chelsea a wancan zangon, domin washegari, 25 ga Janairu, aka sallame shi, aka ɗauko Thomas Tuchel ɗan ƙasar Jamus.

Zagaye na biyar

An buga wasannin a tsakiyar mako, daga 9 zuwa 11 ga Fabrairu. Sakamakon ya kasance haka:

Burnley 0–2 Bournemouth
Manchester United 1–0 West Ham United, a ƙarin lokaci
Swansea City 1–3 Manchester City
Leicester City 1–0 Brighton & Hove Albion
Sheffield United 1–0 Bristol City
Everton 5–4 Tottenham Hotspur, a ƙarin lokaci
Wolverhampton Wanderers 0–2 Southampton
Barnsley 0–1 Chelsea

Wasan Everton da Tottenham ne ya fi yawan ƙwallaye a wannan mataki. Everton ta yi gaba da ci 3–1, Tottenham ta farke, Richarlison ya sake ci, Harry Kane ya mayar da wasan 4–4, sannan Bernard ya ci ta biyar a ƙarin lokaci. Nasarar Manchester City a Swansea ita ce ta 15 a jere a dukkan gasanni, abin da wata ƙungiyar babban matakin Ingila ba ta taɓa yi ba kafin lokacin. A wasan United da West Ham aka fara amfani da sabuwar dokar canjin ɗan wasan da ya bugu a ka, inda aka fitar da Issa Diop.

Leicester da Brighton sun kusa shiga ƙarin lokaci babu ci, sai Kelechi Iheanacho, wanda ya shigo daga benci, ya ci da ka a minti na huɗu na lokacin da aka ƙara bayan cikar minti 90.

Wasannin daf da na kusa da na ƙarshe

Ranar 20 ga Maris Southampton ta doke Bournemouth da ci 3–0, Moussa Djenepo na Mali ya ci ɗaya, Nathan Redmond ya ci biyu. Manchester City ta ci Everton 2–0 da ƙwallayen İlkay Gündoğan da Kevin De Bruyne a ƙarshen wasa. Ranar 21 ga Maris Chelsea ta doke Sheffield United da ci 2–0, Oliver Norwood ya ci gida, Hakim Ziyech na Moroko ya ƙara ta biyu.

A filin King Power, Leicester ta doke Manchester United da ci 3–1. Iheanacho ya tsinci ƙwallon da Fred ya mayar baya ba da ƙarfi ba, ya kewaye mai tsaron raga ya ci. Greenwood ya farke kafin hutu, Tielemans ya ci ta biyu, sannan Iheanacho ya rufe da ka. Rabon Leicester da kaiwa wasan kusa da na ƙarshe tun 1982.

Wasannin kusa da na ƙarshe

Chelsea ta doke Manchester City da ci 1–0 ranar 17 ga Afrilu a Wembley babu 'yan kallo. Timo Werner ya tsere ta ɓangaren hagu ya miƙa wa Ziyech, shi kuma ya zura a raga a minti na 55. Wannan ya kawo ƙarshen burin City na lashe kofuna huɗu a kaka ɗaya, kuma Tuchel ya zama Bajamushe na farko da ya kai ƙungiya wasan ƙarshe na gasar.

Ranar 18 ga Afrilu Leicester ta kara da Southampton, wadda ba a zura mata ƙwallo ko ɗaya ba a wasanninta huɗu na gasar. Jamie Vardy ya kutsa ta hagu ya mayar wa Iheanacho, bugunsa na farko ya daki mai tsaron baya ya dawo masa, ya ci a karo na biyu, shi ma a minti na 55. An bar mutum 4,000 suka shiga filin, mazauna yankin Wembley da ma'aikatan lafiya da makamantansu, a matsayin gwajin gwamnati na mayar da jama'a wuraren taro.

Wasan ƙarshe

Chelsea ta zo wasan ƙarshe karo na 15, tana da kofin sau takwas. Leicester kuwa karo na biyar ke nan, kuma ba a taɓa samun ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe sau huɗu ba ta ɗauki kofin ba sai ita. Wolverhampton ta doke ta 3–1 a 1949, Tottenham 2–0 a 1961, Manchester United 3–1 a 1963, Manchester City kuma 1–0 a 1969. An bar kusan mutum 20,000 suka shiga Wembley bayan gwajin cutar, taro mafi girma a filin ƙwallo a Ingila tun watan Maris na 2020. Michael Oliver ne ya yi alƙalanci.

Koci Brendan Rodgers ya fara da Kasper Schmeichel a raga, da Timothy Castagne, Wesley Fofana, Jonny Evans, Çağlar Söyüncü, Luke Thomas, Wilfred Ndidi, Tielemans, Ayoze Pérez, Iheanacho da Vardy. Tuchel ya fara da Kepa Arrizabalaga a raga, da Reece James, Thiago Silva, Antonio Rüdiger, César Azpilicueta, N'Golo Kanté, Jorginho, Marcos Alonso, Ziyech, Mason Mount da Werner.

Chelsea ta fi riƙe ƙwallo a kashin farko, amma ba a samu ci ba. Evans ya fita da rauni a minti na 34, Marc Albrighton ya maye gurbinsa. A minti na 63 James ya yi ƙoƙarin miƙa ƙwallo gaba, ta daki Pérez, Thomas ya tsince ta ya ba Tielemans, wanda ya ɗan ja ta gaba sannan ya narka ta daga wajen yadi na 18 zuwa saman kusurwar raga. 'Yan wasan Chelsea sun yi ƙorafin cewa ƙwallon ta taɓa hannun Pérez, amma alƙalin wasa ya amince da cin.

Tuchel ya yi canji biyar yana neman farkewa. Ben Chilwell, wanda ya bar Leicester zuwa Chelsea a watan Agustan 2020, ya sa kai Schmeichel ya ture ƙwallon ta daki turke. Daga baya Schmeichel ya sake kaɗe wani bugu mai ƙarfi na Mount da hannu ɗaya. A minti na 89 ƙwallo ta shiga ragar Leicester bayan ta daki kyaftin Wes Morgan, wanda bai daɗe da shigowa ba, amma VAR ta nuna Chilwell ya yi satar gida lokacin da Thiago Silva ya ɗago ƙwallon, aka soke cin. An zaɓi Tielemans gwarzon wasan.

Yarima William ne ya miƙa kofin, Morgan da Schmeichel suka ɗaga shi tare. 'Yan wasan sun gayyato shugaban ƙungiyar, Aiyawatt Srivaddhanaprabha ɗan ƙasar Tailan, cikin fili. Mahaifinsa Vichai, mai ƙungiyar a lokacin da ta lashe Firimiya a 2016, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a wajen filin King Power ranar 27 ga Oktoba, 2018. A lokacin bikin, Hamza Choudhury da Fofana sun ɗaga tutar Falasɗinu, a daidai lokacin da ake rikici a Gaza.

'Yan wasan Najeriya

Iheanacho ya ci ƙwallo huɗu a gasar, kuma ƙwallonsa ce ta raba gardama a zagaye na biyar da wasan kusa da na ƙarshe. Ya zo Leicester daga Manchester City a 2017, ya daɗe ba ya samun gurbi a cikin 11 na farko, sai a rabin kakar na biyu da Rodgers ya haɗa shi da Vardy a gaba. Shi aka zaɓa gwarzon Firimiya na watan Maris na 2021. Ndidi, wanda ya zo daga Genk ta Beljiyam a Janairun 2017, ya buga wasan ƙarshe daga farko har ƙarshe a tsakiyar fili. Abraham na Chelsea, ɗan asalin Najeriya da ke buga wa Ingila, shi ma ya ci huɗu, amma bai buga wasan ƙarshe ba.

Da wannan nasara Iheanacho da Ndidi suka bi sahun 'yan Najeriya da suka taɓa ɗaukar kofin, irin su Daniel Amokachi haifaffen Kaduna da Everton a 1995, Celestine Babayaro da Chelsea a 2000, Nwankwo Kanu wanda ya ci wa Portsmouth ƙwallon nasara a 2008, John Mikel Obi da Victor Moses.

Bayan gasar

Leicester ta zama ƙungiya ta 44 da ta lashe kofin. Ta ci ƙwallo 13 a wasanni shida, aka zura mata biyu kacal. Rodgers, wanda ya ɗauki Kofin Sikotlan da Celtic, ya zama koci na farko tun bayan Alex Ferguson da ya lashe babban kofin ƙalubale na Ingila da na Sikotlan. Morgan ya yi ritaya a ƙarshen kakar.

Kwana uku bayan wasan ƙarshe ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a Firimiya, Chelsea ta yi nasara da ci 2–1. Leicester ta sha kashi a hannun Tottenham da ci 4–2 a ranar ƙarshe, ta ƙare a matsayi na biyar, ta rasa gurbin gasar Zakarun Turai, ta tafi gasar Europa. Tunda matsayinta a tebur ya riga ya ba ta wannan gurbin, sai West Ham da ta zo ta shida ta amfana da na Kofin FA. Chelsea ta ƙare ta huɗu, kuma ranar 29 ga Mayu ta doke Manchester City da ci 1–0 a birnin Porto na Fotugal ta lashe gasar Zakarun Turai.

Ranar 7 ga Agusta, 2021 Leicester ta doke Manchester City da ci 1–0 a wasan buɗe kaka na Community Shield, Iheanacho ne ya ci da bugun fenareti daf da tashi. A kakar da ta biyo baya Nottingham Forest ta fitar da ita a zagaye na huɗu da ci 4–1. Chelsea ta sake kai wasan ƙarshe a 2022, Liverpool ta doke ta a bugun fenareti, ta zama ƙungiya ta farko da ta sha kashi a wasan ƙarshe na gasar sau uku a jere. Soke sake wasa da aka yi a matsayin matakin wucin gadi kuwa ya zama dindindin daga kakar 2024–25, tun daga zagaye na farko, matakin da ƙananan ƙungiyoyi da yawa suka yi adawa da shi saboda kuɗin shigar da suke rasawa.